In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari: Agogon Zamani Da Sakacinmu

Duk wanda ya bi rumfunan masu sayar da salula a Birnin Ƙonni, ko ya tsaya a bakin babbar hanya a Malbaza da Galmi, zai ga wata haja da ta cika teburori: agogon nan na zamani mai haɗuwa da waya, mai ƙirga taku, mai nuna saƙo a tsintsiyar hannu. Samari na saye don ado, ƴan kasuwa na saye don kada kira ya wuce su. Sayen ba laifi ba ne. Abin takaici shi ne yadda ake ɗaura shi. Mai saye yakan miƙa wa yaron rumfa wayarsa a buɗe, ya ce a haɗa masa, ya juya yana hira. Yaron ya sauke manhajar agogon, wani lokaci ma ba daga Play Store ba, daga wata mahaɗa da aka buga a jikin kwali. Waya ta riƙa tambaya: a bar manhajar nan ta karanta saƙonni? Ta ga sunayen mutanenka? Ta san inda kake? Yaro na danna amincewa bi da bi, ba wanda ya karanta ko layi ɗaya. Cikin minti biyar mutum ya ba wani kamfani da bai san sunansa ba izinin da ba zai ba ɗan cikinsa ba.

Don a gane girman wautar, sai a duba abin da ke wucewa ta cikin wayar mutumin wannan yanki. Dillalin albasa a Galmi ta waya yake ciniki da masu lodi zuwa Abijan da Akara. Ɗan canji a Ƙonni ta WhatsApp yake jin farashin naira daga Illela ta Sakkwato. Magidanci a Badagishiri ko Tajaye ta waya yake karɓar lambar kuɗin da ɗansa ya aiko daga cirani ta Nita ko Amana ko Al Izza. To agogo ba ya iya nuna maka saƙo sai manhajarsa ta karanta saƙon tukuna, kuma manhaja ba ta bambanta gaisuwar Juma'a da lambar cirar kuɗi. Duk sanarwar da ta faɗo wayarka tana gani, har da lambobi shida da WhatsApp ke aikowa idan wani na neman buɗe asusunka a wata waya. Ko da manhajar ta kirki ce, lambar takan bayyana ƙarara a fuskar agogo, babu makulli. Ka kulle wayarka da zanen yatsa, amma ka cire agogo wajen alwala ka aje a kan dakali, ko ka bar shi wurin mai caji. Wanda ya san lambar layinka kuma agogon na kusa da wayarka, abin da yake bukata bai wuce leƙe ɗaya ba.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Asusu ya koma hannun wani, ya shiga rukunin dangi da na ƴan kasuwa da sunanka da hotonka, ya ce yana asibiti ko an tsare masa kaya, a taimaka da jika ashirin kafin yamma. Mutane su tura don sun amince da kai. Kuɗi su tafi, mutunci ya bi su.

Wani zai ce ana kururuta abu, agogon jika biyar me zai iya? Ga abin da ya faru da waɗanda suka fi mu kayan tsaro. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin Strava, mai manhajar ƴan motsa jiki, ya fitar da taswirar hanyoyin da masu amfani da shi ke bi. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar ta zana sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojoji na gudun safe da na'urorinsu a hannu. Cikin shekarar ta 2018 ma'aikatar tsaron Amurka ta hana dakarunta da ke fagen aiki kunna abin nuna wuri. A 2017 kuma hukumar sadarwa ta Jamus ta haramta sayar da agogon yara mai sauraren magana daga nesa, ta ce iyaye su lalata waɗanda suka saya. Babu wanda ya fasa wa sojojin nan ƙofa, su suka bar ta a buɗe. Shi ya sa masu rubuta manhaja ke da wata ƙa'ida da suka daɗe suna nanatawa: kada a ba manhaja izinin da ya wuce aikinta. Mai ƙirga taku ba shi da hurumi a littafin sunayenka.

Wani kuma zai ce, ni talaka ne, me zan ɓoye? Ai ɓarawon asusu ba aljihunka yake hari ba, amanar da mutane suka ba ka yake so. Talaka mai gaskiya ya fi masa amfani, domin shi ne idan ya roƙa ba a musu. Akwai kuma mai cewa bai iya faransanci ba, dole ya ba yaro. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, amma bai kai ba. Mutumin da bai yi lakwal ba yana ƙirga buhu ɗari uku na albasa ba ya kuskure ɗaya, kuma ba ya barin makullin sito a hannun ɗan dako. Ka tsaya a kan yaron, ka ce ya fassara maka kowace tambaya, lambar sirri kuwa ka karɓi wayar ka buga da yatsanka. Yawancin yaran nan masu neman halal ne, sai dai waya na ratsa hannaye da yawa a rumfa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hukuma fa? Nijar na da dokar yaƙi da laifukan intanet tun watan Yulin 2019, an kuma kafa hukumar HAPDP don kare bayanan mutane, kuma wanda aka cuta ya kai ƙara wajen ƴan sanda ko jandarma. Amma doka takan zo ne bayan ɓarna, kuɗin da aka cira aka ƙetare iyaka da su da wuya su dawo.

Gyaran ba ya cin ko dala. Lambobi shida da suka shigo wayarka ba a faɗa wa kowa su, ko da mai kiran ya ce daga Airtel ko Zamani ko Moov yake, ko ya ce kuskure ya yi ya turo maka. Shiga saitin WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ke nan tun 2017, ka zaɓi lambar da ba shekarar haihuwarka ba, ba kuma ƙarshen lambar layinka ba. Da ita, ko an saci lambar farko ba a shiga. Duba jerin na'urorin da aka haɗa da asusunka, ka fitar da wadda ba ka sani ba. A manhajar agogo, kashe nuna saƙon tes da na manhajojin kuɗi, ka bar kira kaɗai in shi kake bukata. Agogon da ya ƙi aiki sai an ba shi komai, mayar wa mai shi. In kuma an riga an ƙwace asusun, sake rajista da layinka nan take, ka kira dangi da baki ka ce kada kowa ya tura ko sisi.

A da iyayenmu kan ɗinke kuɗin albasa a cikin lalita, su ɗaura a ƙugu ƙarƙashin riga biyu kafin su hau mota zuwa Tawa. Lalitar yau ita ce wayar nan, mu kuwa mun ɗaura bakinta a tsintsiyar hannu muna nuna wa kasuwa.