Me ya sa jar ƙasa da koren ganye ke zama abu ɗaya a hoton baƙi da fari?

Ka ɗauki hoton gona a tsakiyar damina: jar ƙasa, gero ya yi kore shar, ga gajimare a sararin sama. Ka danna maɓallin baƙi da fari a wayarka, sai ka tarar hoton ya mutu. Ƙasa da ganye sun haɗe sun zama toka-toka iri ɗaya, gajimaren ma da ƙyar ake rarrabe shi da sama. Ba laifin kyamara ba ne. Lissafi ne ya jawo haka, kuma lissafin da za ka iya canzawa ne.

Kowane ɗigo na hoto, wato fiksil, lambobi uku yake ɗauke da su: na ja, na kore, na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. A hoton baƙi da fari kuwa lamba ɗaya tak ake buƙata. To ta yaya za a matse uku su koma ɗaya? Hanya mafi sauƙi ita ce a tara su a raba uku, amma idonmu ba haka yake gani ba. Da rana, idon ɗan Adam ya fi jin haske mai tsawon zango kusan nanomita 555, wato kore mai sirkin rawaya, shuɗi kuwa duhu-duhu yake ganinsa. Shi ya sa manhajoji da yawa ke amfani da ma'aunin da aka gada daga talabijin: kashi 29.9 cikin ɗari daga ja, 58.7 daga kore, 11.4 daga shuɗi.

Mu gwada. Mu ɗauka jar ƙasar nan tana da ja 170, kore 90, shuɗi 60. A wannan ma'auni za ta ba da kusan 110. Ganyen kuma mu ce ja 70, kore 135, shuɗi 60, zai ba da 107. Ka gani? Tazarar uku kacal cikin 255. Launi ne kaɗai ya raba su a idonka, da aka cire shi kuwa ba abin da ya saura. Amma idan ka ce lambar ja kaɗai za a ɗauka, ƙasa ta zama 170, ganye 70: ƙasa ta yi haske, shuka ta yi duhu. Ka ɗauki kore kaɗai, abin ya juye, ƙasa 90, ganye 135. Hoto ɗaya ne, amma sakamako uku ke nan, kuma babu wanda ya fi wani gaskiya.

Masu ɗaukar hoto da fim sun san wannan tun tuni, sai dai su da gilashi mai launi suke yi, a ɗaura shi a bakin kyamara. Gilashin yana barin hasken launinsa ya wuce, ya tare saura. Shahararren misali shi ne na Ansel Adams a shekarar 1927, lokacin da ya ɗauki dutsen Half Dome a Yosemite da ke Kalifoniya ta Amurka. Da farko gilashi rawaya ya saka, sai ya lura ba zai ba shi abin da yake hange a ransa ba, ya sauya da ja mai duhu. Sama ta fito kusan baƙa ƙirin, dutsen ya tsaya a gabanta da kwarjini.

Me ya sa ja ke duhunta sama? Ƙwayoyin iska sun fi warwatsa haske mai gajeren zango, kamar yadda Lord Rayleigh ya bayyana a 1871. Shuɗi mai nanomita 450 yana warwatsuwa kusan ninki shida na ja mai nanomita 700. Hasken sama ke nan yawancinsa shuɗi ne, idan ka tare shi sai duhu. Gajimare kuwa ɗigon ruwansa manya ne, duk launuka yake warwatsawa daidai, don haka yana nan fari abinsa. Wannan dalili ne kuma ya sa gilashi ja ke fito da tsaunuka masu nisa tangaram, domin shuɗi-shuɗin da ke lulluɓe su shi ma warwatsattsen haske ne.

Amma fa a lokacin hunturu dabarar ba ta cika aiki ba. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ƙwayoyinta sun fi na iska girma nesa ba kusa ba, kuma kusan duk launuka suke warwatsawa. Hazon watan Janairu ba shuɗi ba ne balle ka tace shi. A ganina gara ma ka bar shi yadda yake, domin bishiyoyi da duwatsu suna dusashewa sahu-sahu a cikinsa, wannan kuwa shi ke ba hoton zurfi.

A aikace, kada ka sa kyamara ta ajiye maka baƙi da fari kai tsaye, don idan ta zubar da launin ba ya dawowa. Ka ɗauka da launi, daga baya ka juya. Snapseed yana da zaɓin gilasai masu launi, Lightroom kuma yana ba ka damar ɗaga ko rage hasken kowane launi daban. Sai dai a bi shuɗi a hankali. A yawancin kyamarori rabin ɗigogin da ke karɓar haske na kore ne, ja da shuɗi kwata-kwata suka samu, tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976. Idan ka matsa wa sama lamba sosai, sai ka ga ta yi tsaki-tsaki kamar an watsa yashi, ko farin layi ya bayyana a gefen dutse. Hoton JPEG, mai matakai 256 kacal a kowane launi, shi ya fi saurin nuna wannan. Idan wayarka tana ɗaukar RAW, wanda kan kai matakai 4,096 ko fiye, da shi za ka fi samun sararin yin gyara.