Marinar Ƙofar Mata: Yadda Ganyen Baba Yake Zama Shuɗi

 Kowa ya san karin maganar nan da ke cewa "an san a rina, wai an saci zanen mahaukaciya." Ɓarawon ba zai iya ɗaura zanen yadda yake ba, don duk gari an san shi, dole sai ya kai marina an sauya masa launi. Maganar tana bakinmu har yau, amma in aka ce wani ya tashi ya yi bayanin yadda ake rinin, sai ka ji aji ya yi tsit. Shi ya sa a wannan fitowar muka leƙa sana'ar rini, musamman marinar Ƙofar Mata da ke birnin Kano.

Ina marinar take?

Marinar tana daf da Ƙofar Mata, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar Kano. Tarihin da masu sana'ar ke riƙe da shi ya nuna an kafa ta a shekarar 1498, wato a ƙarshen zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A zamaninsa ne aka gina Gidan Rumfa, aka kuma kafa Kasuwar Kurmi. Ke nan marinar ta haura shekara 500 ana aiki a cikinta.

Wanda ya shiga zai ga fili cike da ramuka masu kama da ƙananan rijiyoyi, sama da ɗari, kowanne zurfinsa ya fi tsawon mutum. Irin wannan wuri shi ake kira marina ko karofi. Mai sana'ar kuwa sunansa marini, kuma galibi gado ce, ɗa yana koya a wajen ubansa.

Kayan haɗi

Babban kayan aiki shi ne baba, wani tsiro mai ƙananan ganye da ake nomawa da damina. In ya isa, sai a yanke shi, a daddaka, a cura, a shanya ya bushe. Sai kuma toka, da ruwa, da katsi. Katsi shi ne laka da ke kwantawa a ƙasan rami bayan ruwan rini ya tsufa. Marina ba sa zubar da shi. Sukan kwashe shi, su shanya, su ƙona, su sake amfani da shi a sabon haɗi.

Katsi yana da wani amfanin kuma. In aka kwaɓa shi da gashin dabbobi da ruwan dafara, sai ya zama laso, wato simintin gargajiya. Da shi ake shafe cikin ramin don kada ruwa ya tsiyaye, da shi kuma magina suke shafe soro don kada ruwan sama ya ci shi. Dubi yadda sharar wata sana'a ta zama kayan aikin wata.

Sirrin da ke cikin rami

Nan ne wurin da ya kamata 'yan ajin kimiyya su buɗe kunne. Ganyen baba kore ne, babu alamar shuɗi a jikinsa. Sai an daka shi ya ruɓa, iska ta taɓa shi, sannan sinadarin da ke cikinsa yake juyewa ya zama shuni, abin da Turawa ke kira indigo. To amma akwai matsala: shuni ba ya narkewa a ruwa. In ka zuba garinsa a bokiti ka tsoma farin ƙyalle, zai ɗan ɓata shi ne kawai, wanki ɗaya ya fita.

Ga yadda marina suka shawo kan matsalar. Suna zuba baba da toka da katsi a ramin da aka cika da ruwa, su bar shi kwana da kwanaki yana tsima, suna motsa shi da doguwar sanda da ake kira muciya. Toka tana sa ruwan ya yi kaifi irin na kanwa. A cikin irin wannan ruwa wasu ƙwayoyin bakteriya suke rayuwa, su cinye iskar oksijin da ke ciki, su kuma sauya shunin ya koma wani nau'i mai narkewa. Shi ya sa in aka ture kumfar da ke saman ramin da ya nuna, ruwan da ke ƙasa ba shuɗi ba ne, yana tsakanin kore da ruwan ɗorawa.

Marini yakan tsoma tufa a wannan ruwa har ya ratsa zaren, sannan ya ɗago ya matse. Da fitowarta za a gan ta kore-kore. Kafin wani ɗan lokaci, a gaban idon mai kallo, sai ta riƙa juyewa tana zama shuɗiya. Dalili shi ne oksijin ya sake haɗuwa da shunin, ya mai da shi nau'in da ba ya narkewa, amma yanzu yana can cikin zare, ba hanyar fita. Saboda haka ake ganin marini yana tsomawa yana ɗagowa, yana tsomawa yana ɗagowa. Kowace tsomawa tana ƙara duhun launi, daga shuɗi mai haske har zuwa mai duhun da ya kusa zama baƙi.

Marinan da ba su taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, da ido da hanci suke gane ruwan da ya nuna da wanda ya mutu. Abin da muke haddacewa don jarrabawa, su da hannu suka san shi.

Ɗauri da bugu

Zanen da ake gani a jikin wasu tufafin, kamar zobba ko layuka farare, yawanci aikin mata ne a cikin gida. Sukan ɗaure ko su ɗinke wasu sassan yadin da zare tamau kafin a kai marina. Inda aka ɗaure ruwa ba ya shiga, in an kwance sai zanen ya fito.

Bayan tufa ta bushe sai a kai ta mabuga. A nan ake shimfiɗa ta a kan gungumen itace, a yi ta dukanta da guduma ta katako har ta yi laushi ta kwanta. In ana son ƙyalli sosai, sai a barbaɗa garin shuni a buga shi ya shiga jikinta. Ta haka ake samun turkuɗi da rawanin da ake kira ɗan Kura, wanda ya samo sunansa daga garin Kura da ke kudu da Kano. Buzaye suna matuƙar son irin wannan tufa, kuma saboda shunin yana shafar fatarsu, Turawa suka riƙa kiransu shuɗɗan mutane.

Har ina tufafin suka kai?

A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya riƙa amfani da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano. A rubuce-rubucensa ya bayyana cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, kuma tufafin Kano suna kaiwa Ghat da Murzuk da Tarabulus a arewa, da Timbuktu a yamma. Manomin auduga, da mai kaɗi, da masaƙi, da manomin baba, da marini, da mai bugu, da fatake, duk daga tufa ɗaya suke cin abinci.

Me ya durƙusar da sana'ar?

A shekarar 1897 kamfanin BASF na ƙasar Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Daga baya yadudduka masu araha daga ƙasashen waje suka cika kasuwanni. Rinin zamani da ake yi a tukunya ko ganga yana kammaluwa cikin ɗan lokaci, alhali ramin gargajiya sai an jira shi. Yau ramukan da ke aiki a Ƙofar Mata kaɗan ne, da yawa sun bushe, wasu shara ta cike su. Matasa da dama kuma suna gudun sana'ar, har wasu na yi wa marini dariya saboda shuɗin hannunsa. Abin mamaki, wandon jins da mai dariyar ya sa, da shuni aka rina shi.

Hatsarin shi ne, yawancin ilimin rini yana cikin kawunan dattawa ne. In marini ya rasu bai koya wa kowa ba, abin da ya sani ya tafi ke nan. Ana iya sake haƙa rami, amma sanin ƙamshin ruwan da ya nuna sai a wajen wanda ya sani.

Abin da za mu iya yi

Ba sai mun zama marina duka ba. Amma kowannenmu zai iya tambayar kakarsa ko tana da tsohon zane na rini a adaka, ya ji sunansa da lokacin da ake ɗaura shi, ya rubuta. Wanda garinsu ke da unguwa mai suna Marina ko Karofi, ya bincika dalilin sunan. Muna kuma roƙon malamanmu na Hausa da Tarihi da Kimiyya su haɗa kai su shirya mana ziyara zuwa marina, don darasi uku ne a wuri ɗaya. Wanda Allah ya hore masa, in salla ta zo, ya sayi ko da ɗankwali ne ko hula na rinin gida, domin ciniki ne ke raya sana'a.

Duk wanda ya samo wani bayani daga gida, ya miƙa wa wakilin ƙungiyarmu na ajinsu, za mu liƙa shi a nan. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.