Dokar taba tana nan, saura aiki da ita

Shekaru da dama ke nan da ƙasarmu Nijar ta kafa dokar yaƙi da shan taba, amma mutane da yawa a ƙasar Arewa ba su san da ita ba.

A shekarar 2003 ƙasashen duniya suka amince da wata yarjejeniya ta rage shan taba, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Nijar ta shiga cikinta a 2005. Ranar 15 ga watan Mayu 2006 aka sa hannu a kan doka mai lamba 2006-12. Dokar ta hana shan taba a wuraren da jama'a ke taruwa, kamar lakwal, gidan likita, ma'aikatu da motocin haya. Ta hana tallar taba. Ta kuma tilasta a rubuta gargaɗi a jikin kowane kwali. Maƙwabciyarmu Nijeriya ma ta kafa tata dokar a 2015.

Me ya sa gwamnati ta shiga wannan magana? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su sha, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa. Taba tana kawo ciwon daji na huhu, ciwon zuciya da tari mai tsanani. Tabar gari da ake sawa a baki tare da kanwa ita ma tana ɓata dasashi, tana kawo ciwon daji na baki.

Manomi kuma ya yi lissafi. Misali, in kana shan kara 5 a wuni, kowane kara dala 5, ka ƙone dala 25 ke nan. A shekara ya haura jika 45, kuɗin da ya fi na buhun hatsi. Ban da haka, guntun taba da aka yar da rani yana iya cinye rumbu ko tarin harawa.

To, amma jandarma ba ya iya tsayawa gaban kowane tebur a Tibiri, Dumega, Gesheme ko Kore Mairuwa. Har yanzu ana aiken yaro ya sayo kara ɗaya, daga aike kuma sai ɗanɗanawa. Nan ne aiki ya dawo hannunmu.

Mai gida, kada ka aiki ɗanka sayen taba, kada ka kunna ta a ɗakin da mai ciki ko jariri yake. Mai tebur, kada ka sayar wa yaro. Direba, ka hana a sha cikin motarka. Wanda yake son bari, ya nemi shawarar likita.

Ranar 31 ga watan Mayu ce ranar yaƙi da shan taba ta duniya. Kafin ta zagayo, kowa ya bayyana wannan doka ga wanda bai iya karatu ba. Rigakafi ya fi magani.