Kawunan Jirgin Kafancan: A Auna Su Tun Tsatsa Ba Ta Gama Da Su Ba

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kafancan ya san jirgin gwangwani. Yara kan tsinto gwangwanayen kifi da na madara, su huda su da ƙusa, su jera su a waya, su yanko tsohon silifa su yi ƙafafu, sa'an nan su samo wani gwangwani mai ɗan girma su sa a gaba a matsayin kan jirgi. Wanda ya fi gwaninta kuwa da kara yake yin nasa, har da bututun hayaƙi da ɗakin direba. A wasu garuruwa mota yara ke ƙerawa. A Kafancan jirgi ne, domin abin da ido ya saba gani shi hannu ke kwaikwayo.

To, wannan wasa na yara yana da babban wa a duniya. A Ingila da Jamus da Indiya da Afirka ta Kudu akwai manyan mutane, wasu ma'aikatan ofis, wasu tsofaffin ma'aikatan reluwe, waɗanda in sun taso daga aiki sai su zauna gaban kwamfuta su yi ta sassaƙa kawunan jiragen ƙasarsu, ƙusa bayan ƙusa, har su fito da siffa mai tsawo da faɗi da kauri wadda za a juya ta ko'ina a duba. In sun gama sai su sa ta cikin wasan kwamfuta na tuƙin jirgi, kowa ya hau ya tuƙa. Galibinsu ba wanda ke biyansu ko anini. Sha'awa ce kawai. Amma da wannan sha'awa sun adana kamannin jirage masu yawa waɗanda tuni aka yanka aka narkar.

Abin da ya sa muka kawo wannan magana shi ne, Kafancan na da irin wannan dukiya, kuma tana lalacewa a kan idonmu.

Garin da dogo ya raina

Turawa sun soma shimfiɗa dogon gabas daga Fatakwal ne saboda kwal ɗin da aka samu a Inugu, kuma ya isa can cikin 1916. Daga nan aka ci gaba da shi arewa ta Makurɗi da Lafiya har ya haɗu da na Ikko zuwa Kano a Kaduna. Cikin 1927 aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafancan ya hau dutse zuwa Jos, domin kwaso kuza. Wannan reshe shi ya mai da Kafancan mahaɗa, watau wurin da hanya ta rabu uku: kudu zuwa Fatakwal, arewa zuwa Kaduna ta Zonkwa, gabas zuwa Jos ta Kagoro da Manchok. Da aka gama babbar gadar Makurɗi a kan Binuwai cikin 1932, sai jirgi ya riƙa wucewa kai tsaye ba sai an tsallaka da shi a ruwa ba. Bayan an ja dogo daga Kuru zuwa Maiduguri, aikin da aka gama cikin 1964, duk jirgin da zai tafi Bauci da Gombe da Barno sai ya bi ta Kafancan.

Ƙasar Fantswam ce tun asali, amma jirgi ya tara mata baƙi daga kowace kusurwa: Hausawa, Ibo, Yarabawa, Tibi da sauransu. Ƙarfin garin ya kai har Sarkin Jama'a ya taso da fadarsa ya dawo nan cikin 1933. Aka gina loko inda ake gyaran kawuna, da gidajen ma'aikata, da tankin ruwa, da wurin zuba kwal. A wancan zamani usur ɗin jirgi shi ne agogon gari.

Kawunan da suka yi wannan aiki ba sakarkarun ƙarafa ba ne marasa suna. Mafi shahara su ne waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan Nijeriya, waɗanda kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya soma ƙerawa cikin 1948. Tsarin ƙafafunsu 2-8-2 ne: ƙanana biyu a gaba masu ja-gora a kwana, manya takwas a tsakiya masu jan kaya, da wasu biyu a baya masu ɗaukar nauyin murhu. Ƙirar ta karɓu har jiragen Afirka ta Gabas suka sa aka yi musu nasu a kan samfurinta. Akwai kuma dogayen kawuna na Garratt daga kamfanin Beyer Peacock na Mancesta, masu injin biyu da tukunya ɗaya rataye a tsakani. Cikin 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, manyan kawunan dizal na farko suka iso daga kamfanin English Electric. Sannu a hankali dizal ya ture kwal, daga baya shi ma dizal ɗin ya gaji, gyara ya gagara, mota ta ƙwace ciniki.

Ni da nake wannan rubutu ban taɓa jin kukan jirgin kwal da kunnena ba. A bakin dattawa na ji yadda yake nishi in ya kama hawan Jos, da yadda fayaman ke zuba kwal ba hutawa. Tsarana duka haka muke. Waɗanda suka gani kuwa kullum raguwa suke yi.

Wasan da ya zama ma'ajiya

Cikin 2001 kamfanin Microsoft ya fito da wasan tuƙin jirgi mai suna Train Simulator. Hanyoyi shida ya zo da su, na Amurka da Ingila da Ostiriya da Japan, ba ko ɗaya ta Afirka. A wannan shekara kuma wani kamfani na Ostireliya ya fito da nasa mai suna Trainz. Abin da ya raya waɗannan wasanni shi ne, an bar ƙofa a buɗe ga kowa ya ƙera nasa jirgi ko nasa dogo ya ƙara. Sai masu sha'awa suka duƙufa. Mutanen Indiya, alal misali, da suka ga ba jirginsu a ciki, ba su tsaya ƙorafi ba, suka ƙera kawunansu da taragunsu da tashoshinsu suka cika wasan da su. Da Microsoft ya bar wasan, wasu 'yan sa kai suka rubuta wani mai suna Open Rails, kyauta, wanda ke karɓar duk tsofaffin jiragen da aka ƙera, don kada wahalar mutane ta faɗi ƙasa banza.

Kayan aikin sassaƙar ma akwai na kyauta. Mafi shahara shi ne Blender, wanda wani mutumin Holan, Ton Roosendaal, ya ƙirƙira, aka sake shi ga jama'a cikin 2002. Duk mai kwamfuta na iya saukar da shi ba tare da biyan kuɗi ba.

Yadda ake aikin

Matakin farko ba a gaban kwamfuta yake ba, a fili yake. Mai sassaƙa na bukatar zanen injiniya na kan jirgin, ko kuwa hotuna daga gaba da baya da gefe da sama, tare da awo: tsawon gangar jiki, faɗin ƙafa, tazarar da ke tsakanin wannan gatari da wancan, tsayin bututun hayaƙi daga dogo. In awo ya karkace, kome ya karkace.

Daga nan sai a sa hotunan a bango cikin kwamfuta a soma gini a kansu. Tukunyar tururi daga siffar ganga ake faro ta, ɗakin direba daga siffar akwati, sai a yi ta ja, ana matsawa, ana yanka. Duk jikin an haɗa shi ne da ƙananan alwatika dubbai, kamar yadda masaƙin tabarma ke haɗa kaba. A nan gwaninta take. In alwatikan sun yi kaɗan, ƙafar jirgi sai ta fito da kusurwoyi maimakon da'ira. In sun yi yawa, kwamfuta ta yi nauyi wasa ya riƙa sarƙewa. Saboda haka akan yi wa kai ɗaya siffa uku ko huɗu, mai cikakken ado don kallon kusa, da masu sauƙi don hange daga nesa.

Sai fenti. Akan shimfiɗa jikin kamar yadda majemi ke shimfiɗa fata, a zana launi da lamba da suna, har da baƙin hayaƙi da zirin tsatsa da maiƙon da ke tsiyaya, domin jirgin da ya fito fes kamar sabon kwano ba ya kama da na gaskiya. Bayan wannan sai motsi, wanda shi ne mai karya lagon sabon shiga. Sandunan da ke haɗa ƙafafun jirgin kwal dole su yi tafiya daidai da juyin ƙafa, in an kuskure ko kaɗan duk wanda ya san jirgi zai gane. A ƙarshe akan rubuta wa wasan nauyin kan, da ƙarfin jansa, da irin birkinsa, da ruwa da kwal ɗin da yake ci, a sa masa sauti. Kai ɗaya kan ci wa mutum watanni.

Wani zai ce, me ya sa ba za a ɗauko na wata ƙasa a sake masa fenti ba? Amsa ita ce faɗin dogo. Tsohon dogonmu ƙafa 3 da inci 6 ne, watau milimita 1,067. Na Turai, da sabon da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna cikin 2016, milimita 1,435 ne. Bambancin ya shafi faɗin jiki da tsayi da zaman tukunya. Jirgin Ingila ko an shafa masa kore da fari ba zai zama na Kafancan ba.

Hanyar ma ana iya ƙera ta. Cikin 2000 hukumar sararin sama ta Amurka ta auna tudu da kwarin yawancin duniya daga sama, kuma awon yana nan kyauta. Da shi za a iya tayar da duwatsun Kagoro cikin wasa, a shimfiɗa dogon nan mai kimanin kilomita 100 zuwa Jos, inda jirgi ke hawan fiye da mita 400. Masu wannan wasa irin wannan hawa suke nema ido rufe, domin a nan ake gane direba.

Abin da ke kan siratsi

Matsalar ita ce lokaci. Ƙarfen da aka bari a ruwa da rana ba ya jira, ɓarayi ma ba su jira. Cikin 2021 'yan sanda sun kama manyan motoci ɗauke da ƙarafan dogo da aka kwance a ƙaramar hukumar Jama'a. A wannan shekara ce kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran dogon Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma cikin 2024 jirgi ya soma zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Aba. Ko da gyaran ya iso Kafancan, sababbin kawuna zai kawo, tsofaffin kayan kuwa gwanjo ne makomarsu. Ran da aka yanka tarago ko aka rushe tankin ruwa ba a auna ba, shi ke nan an yi asararsa har abada.

A Ikko an yi wani ƙoƙari. An gyara wani tsohon gida a harabar reluwe ta Ebute Metta aka mai da shi gidan tarihi, ana kiransa Jaekel House, da sunan Francis Jaekel, tsohon jami'in reluwe wanda ya rubuta tarihin jiragen ƙasan Nijeriya cikin littafi mai juzu'i uku. Kafancan, da duk tarihinta, ta cancanci irin wannan. Amma ginin gidan tarihi sai Gwamnati, awo da hoto kuwa yaro mai waya da tef ɗin tela zai iya.

Ba mu ce abin ba wuya. Kwamfuta mai ƙarfi tana da tsada, wutar lantarki sai a hankali, kuma harabar reluwe ba wurin da za a faɗa kai tsaye ba ne, sai da izini. Duk da haka akwai mafita. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafancan inda ake koyar da zanen gine-gine, kuma ɗaliban wannan fanni sun riga sun san sassaƙar kwamfuta. Malami na iya ba su aikin auna tashar da loko a matsayin aikin ƙarshen karatu. Cibiyar Nazarin Fasahar Sufuri ta Zariya da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna wurare ne da ya kamata mai neman tsofaffin takardun reluwe ya fara leƙawa. Ita kuma Hukumar Jiragen Ƙasa, ba abin da zai rage mata in ta ba da izinin ɗaukar hoto da awo kafin ta sayar da kowane tsohon kai.

Mafi muhimmanci su ne dattawan, tsofaffin direbobi da fayamomi da masu gyara da ke zaune a Kafancan suna jiran fansho. Su kaɗai suka san inda kowane famfo yake a ɗakin direba, da wurin da ake rage gudu, da irin usur ɗin da ake yi in an tunkaro tasha. Takarda ba ta rubuta wannan ba. Matashin da ya zauna gaban ɗayansu ya ce, Baba a ba ni labari, ya kunna na'urar ɗaukar magana, ya riga ya yi rabin aikin.

Wanda ya koyi wannan sana'a kuma bai yi aikin banza ba. Hannun da ya iya sassaƙa kan jirgi zai iya zana gida, ko kayan talla, ko fim, kuma a ƙasashen waje akwai masu sayar da jiragen da suka ƙera ga masu wasa. Yaran Kafancan sun daɗe suna yin jirgi da gwangwani da kara ba wanda ya koya musu. Abin da ya rage a ba su kayan aiki, a buɗe musu ƙofar loko. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, balle wanda tsatsa ta riga ta soma ci.