Fatsa a Ɗan Zangon Jirgi: Yadda Ake Ɗaukar Shatar Jirgin Kamun Kifi a Ketchikan

Manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da ke bin gaɓar Alaska, a arewa maso yammacin Amurka, suna aiki ne daga wajen watan Mayu zuwa Satumba. Galibinsu daga Seattle ko Vancouver suke tashi, su yi mako guda a ruwa, suna yada zango a garuruwa uku ko huɗu. A kowane zango akan ba fasinja 'yan sa'o'i ya sauka ya ga gari, kuma cikin abubuwan da aka fi rububi a wannan ɗan lokaci akwai ɗaukar shatar ƙaramin jirgi a fita fatsa. Garin da ya fi suna a wannan harka shi ne Ketchikan, wanda ke kan tsibirin Revillagigedo. Mazaunansa kimanin 8,000 ne kacal, amma baƙin da jirage ke sauke masa a shekara sun haura miliyan ɗaya, kuma mutanen garin suna yi masa kirari da hedikwatar kifin salmon ta duniya.

Mai ɗaukar irin wannan shata yana biyan kuɗin jirgi da matuƙi da kayan fatsa, amma ainihin abin da yake saye lokaci ne, kuma lokacin ba a hannunsa yake ba. Babban jirgi yana da sa'ar tashi da ba ta motsi, kuma ana buƙatar kowa ya kasance a ciki tun kimanin minti 30 kafin ta cika. A ɗauka jirgi ya iso da ƙarfe 7:00 na safe, zai tashi da 1:00 na rana. A takarda sa'a shida ke nan. Amma komawa ciki 12:30 ne, mai hankali kuma zai bar wa kansa rarar sa'a guda, wato ya kasance a bakin jirgi da 11:30. Sauka daga jirgin da ke ɗauke da dubban mutane kan ci rabin sa'a. Idan kuma ƙaramin jirgin yana jira ne a Knudson Cove, wata ƙaramar tasha da ke arewa da gari inda masu shata da yawa ke ɗaure jiragensu, akwai tafiyar mota ta kusan rabin sa'a zuwa, wata rabin sa'a dawowa. Abin da ya rage a kan ruwa sa'a uku ne, a ciki har da gudu zuwa inda kifin yake. Shi ya sa tambayar farko da ta kamata a yi wa mai shata ita ce: idan an rubuta sa'a huɗu a talla, daga ina ake fara ƙirga ta, daga bakin babban jirgi ko daga hawa ƙarami?

Akwai kuma batun inda jirgin zai tsaya. Ketchikan na da wuraren tsayawa huɗu a tsakiyar gari, amma tun 2021 wasu jirage, musamman na kamfanin Norwegian, suna tsayawa a Ward Cove, kimanin kilomita 11 daga gari. Wanda ya yi alkawari da matuƙi a tsakiyar gari alhali jirginsa na Ward Cove ya yi asarar lokaci tun kafin ya taɓa ƙugiya. Agogo ma kan rikita baƙo, domin Alaska tana bayan Seattle da Vancouver da sa'a guda. Lokacin da jirgi ya sanar shi ne abin bi, ba na wayar hannu ba, kuma yana da kyau a tabbatar cewa matuƙi da fasinja agogo ɗaya suke nufi.

Hanyoyin yin shata biyu ne. Ta farko ita ce ta hannun kamfanin babban jirgin. Ta fi tsada, don kamfanin yana cire la'adarsa, kuma fasinja ba ya zaɓen matuƙi ko abokan tafiya. Amma tana da lada babba: idan ƙaramin jirgi ya makara, babban zai jira, ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai fasinja zango na gaba. Idan kuma iska ta hana jirgi tsayawa a garin, ana mayar da kuɗi ba tare da ja-in-ja ba. Hanya ta biyu ita ce a nemi matuƙi kai tsaye ta intanet ko ta waya. A nan akwai sauƙin farashi, akwai damar tattaunawa kan irin kifin da ake so da lokacin fita, iyali guda ma na iya ɗaukar jirgin su kaɗai. Sai dai in an makara babu mai jira. Fasinja zai bi jirginsa da kuɗin aljihunsa, daga garin da babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran ƙasa, sai jirgin sama ko na ruwa. A gaskiya hakan ba ya yawan faruwa, domin matuƙan Ketchikan da baƙin jirage suke ci, kuma wanda ya makarar da fasinja ya zubar da sunansa. Duk da haka, idan zangon bai wuce sa'a shida ba, ƙarin kuɗin da ake biya wa kamfanin jirgi ya cancanci a biya. Idan ya kai sa'a takwas ko fiye, neman matuƙi kai tsaye ya fi riba.

Wanda ya zaɓi hanya ta biyu ya fara nema tun da watanni, don wuraren Yuli da Agusta suna cika da wuri. Za a nemi kafin alƙalami, kuma kafin a biya ya kamata a samu amsa a rubuce kan abin da zai faru da kuɗin idan jirgi ya tsallake garin ko ya canza sa'ar isowa. Masu shata na kirki suna mayarwa. A ba matuƙi sunan jirgi da ranar zuwa, domin yana da jadawalin tashar a hannunsa kuma sau da yawa ya fi fasinja sanin lokacin da ya dace. A tambaye shi lasisinsa na hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka. Yawancin ƙananan jiragen nan lasisinsu bai wuce fasinja shida ba, dokar kudu maso gabashin Alaska ma ta taƙaita igiyoyin fatsa zuwa shida a jirgi guda.

Sai kifin kansa. Salmon iri biyar ne a ruwan Alaska, kowanne da lokacinsa. Mafi girma, wanda ake kira sarkin salmon, ya fi samuwa daga Mayu zuwa farkon Yuli. Ƙarami mai jan tsoka kaɗan, wanda ya fi kowanne yawa, yana cika ruwa a Yuli da Agusta, kuma shi ne ke faranta wa yara da sababbin shiga rai don ba ya wahalar kamu. Koho, mai ƙarfin faɗa da tsalle, yana zuwa daga ƙarshen Yuli har Satumba. Ana kama su ne jirgi na tafiya a hankali yana jan ƙugiyoyi, an saukar da igiya zuwa zurfin da ake so da wata curarriyar dalma mai nauyi. Matuƙi ne ke shirya komai. Aikin baƙo ya sa ido kan sanda, da ta girgiza ya ɗauka ya fara naɗi. Don haka wanda bai taɓa riƙe fatsa ba ma yana iya zuwa.

Halibut labarinsa daban ne. Kifi ne shimfiɗaɗɗe mai idanu biyu a gefe ɗaya, yana kwance a ƙasan teku, kuma manyansa na haura kilo 100. Wuraren da yake sun fi nisa, jawo shi daga zurfi kuma aiki ne na ƙarfi. Sa'a huɗu ba ta isa a yi masa adalci, balle a haɗa shi da salmon a fita ɗaya. Wanda zangonsa gajere ne ya tsaya kan salmon.

Doka a nan ba abin wasa ba ce. Duk baƙon da ya kai shekara 16 sai ya mallaki lasisin fatsa daga hukumar kifi da namun daji ta Alaska. Akwai na kwana ɗaya, ana saye ta intanet, wasu matuƙan kuma suna sayarwa a jirgi. Mai neman sarkin salmon sai ya ƙara da wani kan sarki na musamman. Yawan da aka yarda a kama na wannan kifin yana ƙarƙashin yarjejeniyar da Amurka da Kanada suka ƙulla a 1985, kuma hukuma na iya rage adadi ko ta hana riƙe shi baki ɗaya ana tsakiyar kakar su, kamar yadda ya faru a shekarun baya-bayan nan. Halibut kuma yana da tasa hukumar ta ƙasashen biyu tun 1923, kuma a jiragen shata na wannan yanki kifi ɗaya ake yarje wa mutum a rana, shi ma sai girmansa ya dace da ƙa'ida. Waɗannan sharuɗɗa ne suka sa har yau akwai kifin da za a je nema, kuma matuƙin da ya nuna zai kau da kai daga gare su bai cancanci a hau jirginsa ba.

Abin da baƙi da yawa ba sa tunani sai kifi ya shigo hannu shi ne inda za su kai shi. Manyan jirage galibi ba sa barin a shigo da ɗanyen kifi. A gari akwai masu feɗewa, su yanka, su rufe a leda marar iska, su daskarar, su aika wa mutum gida ta jirgin sama. Kuɗin wannan aiki daban yake da na shata, ana lissafa shi da nauyi, kuma yana iya ba mutum mamaki. Aikawar ma ta fi sauƙi a cikin Amurka. Matafiyin da ya fito daga Najeriya ko Nijar, in ba shi da ɗan'uwa a Amurka da za a aika wa, gara ya gaya wa matuƙi tun farko cewa kama-a-saki zai yi, don kada a kashe kifin da babu mai ci. Irin wannan matafiyi ya kuma tuna cewa jiragen Seattle suna tsayawa a Victoria ta Kanada, saboda wata dokar Amurka ta 1886 da ta wajabta wa jirage masu tutar waje taɓa tashar wata ƙasa, don haka bizar ƙasashen biyu zai buƙata.

Shirin jiki ba shi da yawa. Ruwan saman da Ketchikan ke samu a shekara ya haura milimita 3,500, fiye da ninki uku na abin da Kano ke gani, kuma ruwan sama ba ya hana fita. Rigar ruwa, kayan sanyi da takalmi marar santsi sun wadatar. Tsibirai sun kare ruwan yankin daga manyan raƙuman teku, amma mai saurin jiri ya sha maganinsa tun kafin ya hau, ba bayan amai ya fara ba. A riƙe katin shiga jirgi, da fasfo, da lambar wakilin jirgin a tashar, wadda akan buga a takardar sanarwar kowace rana. Tukwicin matuƙi al'ada ce mai ƙarfi a Amurka, yakan kama kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin shata, kuma ba ya cikin farashin da aka rubuta.

Babu matuƙin da zai iya yi wa mutum alkawarin kifi. Abin da zai iya alkawartawa shi ne sa'ar dawowa, kuma a kan wannan ya kamata a auna shi kafin a biya ko sisi.