Idan Gero Ya Shiga Rumbu: Kiɗa da Wasa a Ƙasar Gwandu

(Sautin tambari daga nesa, algaita ta biyo baya, sannan a sassauta)

 Shirinmu na musamman na yau ba zai yi nisa da gida ba. Tsakanin Gwandu da Kalgo za mu zagaya, mu leƙa Argungu, mu ji yaushe mutanen ƙasar nan suke wasa, kuma wa ya yanka musu lokacin.

A Turai, watannin Yuli da Agusta ne na biki, don a lokacin suke samun rana. Birnin Edinbara na ƙasar Sikotland tun 1947 yake tara makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo duk Agusta. Mu kuwa Agusta marka ce. Wanda ya sauka Kalgo a watan nan yana cigiyar dandali, gona za a nuna masa. Kiɗan da aka sani da damina shi ne gangar noma ranar gayya: makaɗi na bin samari kunya-kunya, yana kiran kowa da sunan ubansa, har wanda ƙugunsa ya gaji ya ji nauyin miƙewa a gaban tsara. Sauran wasanni sai gero ya shiga rumbu. Manomi da jinjirin wata, su biyu suka raba mana shekara.

Amma kafin mu shiga dandali, mu tsaya a Gwandu, domin garin yana da tsohuwar magana da ganga. A 1805 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sauka nan da jama'arsa, a shekarar da aka ci Birnin Kabi, wato Birnin Kebbi ta yau, aka kuma sha wuya a yaƙin Alwasa. Da aka raba ragamar daula a 1812, yamma ta faɗo hannun ƙanensa Malam Abdullahi, wanda hubbarensa ke cikin garin har gobe. Shi kuwa Malam Abdullahi mutum ne mai tsauri a kan kayan kiɗa. A littafinsa Tazyinul Waraƙat ya ba da labarin zamansa a Kano, inda aka farfasa kayan wasa, kwangon ganguna ya koma komin zuba wa dawaki abinci. Har saɓanin fahimta ya shiga tsakaninsa da yayansa a kan wannan batu da na tufafin alfarma da sunayen sarauta, Shehu yana sassautawa, shi yana tsanantawa, kowa da hujjarsa a rubuce.

Abin da ke burge ni a nan shi ne, wannan malamin da ya ƙi ganga fasihin mawaƙi ne. Shi da Shehu da 'yar Shehu Nana Asma'u sun san abin da aka rera ya fi zama a ƙirji, sai suka zuba wa'azi da fiƙihu cikin baitoci. Almajirai suka haddace, makafi suka bi ƙofa-ƙofa da su, mata 'yan taru suka kai su ƙauyuka. Saboda haka ƙasar Gwandu ba ta taɓa yin shiru ba. Murya ta riƙe fage, ganga kuma a hankali ta dawo ta ƙofar fada.

(Sautin kakaki da kofatan dawaki)

Ranar hawan Sallah ake ganin dawowar tata. Tun farkon mulkin Turawa fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi, don haka can hakimai ke haɗuwa da dawakansu. Tambari ya yi gurnani, kakaki ya kira sunan sarki, 'yan bindiga su cika sama da hayaƙi, maroƙa na ta jero asali. Sannan a yi jahi: mahaya su sako dawaki a guje, su ja linzami dab da sarki, su ɗaga hannu. Jikokin malamin ne a ƙarƙashin laima, tambari na binsu a baya.

Wasan kwaikwayonmu kuwa ba ya jiran labule. Tashe ne, wanda ke farawa idan azumi ya kai kwana 10. Ina tuna wani dare ina yaro. Muka tsinko auduga daga tsohuwar katifa muka liƙa wa ƙaramin cikinmu gemu da ƙaro, muka tura masa tsumma a baya ya zama doro, muka damƙa masa sandar kakana. Gwangwanin madara ne gangarmu. A zauren farko mai gida ya kalli tsohon namu yana rangaji, ya yi dariya har ya share ƙwalla, ya shiga ciki ya fito mana da gero cike da ƙoƙo. A gida na gaba wata dattijuwa ta ce ba ta ba da komai sai tsoho ya faɗi ya tashi sau uku. Ya faɗi, gemu ya cire, muka tsaya neman sa da fitilar ƙwai. Sai da na girma na gane abin da muke yi. Macukule, Jatau Mai Magani, Samodara ta 'yan mata, kowannensu madubi ne da yara ke ɗaga wa manya: ga mai rowa, ga boka maƙaryaci, ga auren dole, ga gwauron da ya ƙi aure. Abin da babba ba ya iya faɗa wa babba, yaro ya faɗe shi da rawa, a ba shi tukuici a kai.

Da kaka kuma sai kalankuwa, samari da 'yan mata su yi kwanaki suna shagali, har su naɗa sarautu na wasa a tsakaninsu. Mahauta su kafa dambe da kalangu, ɗan dambe ya naɗe hannu da kara ya shiga fili yana kirari. Wanda ya taɓa jin makaɗi Ɗan'anace yana wasa ɗan dambe Shago ya san yadda makaɗi ke iya sa namiji ya manta da ciwo. Kokawa ta fi ƙarfi ta wajen Arewa da Kangiwa, inda iyaka da Nijar ba ta hana 'yan kokawa ƙetarawa. Fulani kuma su yi sharo idan shanu sun dawo.

(Sautin ruwa da hayaniyar masunta)

Wanda ya fi shahara cikin bukukuwan jihar Kebbi, wato bikin kamun kifi na Argungu, daga sulhu ya samo asali. Gwandu da Kabi sun daɗe ba su ga maciji. Tun tawayen Yakubu Nabame na Kabi a 1849 ake gwabzawa. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya rasa ransa a yaƙin Tilli. An sami 'yar sararawa da ake kira Lafiyar Toga, sannan wuta ta sake tashi har zuwan Turawa. To, a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Kabawa suka tarbe shi da abin da suka fi gwaninta a kai, wato kamun kifi. Daga nan aka mayar da shi na shekara-shekara.

Wanda bai taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada ba, bari in kwatanta masa. Dubban masunta sun yi sahu a kan tudu, kowa da homarsa da goransa. Sarkin Ruwa ya riga ya yi nasa aikin. Da an buga bindiga sai ka ga ƙura ta tashi, kafin ka ƙifta ido ruwan ya ɓace, kawuna da goruna kawai kake gani, makaɗa na zagayawa cikin kwalekwale. A 2005 giwan ruwan da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016, lokacin ma an yi shekaru ba a yi shi ba, sai a watan Maris na 2020 ya dawo.

Argungu ta sami kyamara da baƙi, madalla. Damuwata tana ga ƙananan da babu mai ɗaukarsu. Tun da noman rani ya kankama a fadamun Kalgo da Bunza, musamman bayan shirin bashin shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, rani ya daina zama lokacin hutu. Alheri ne babba, ba mai musu, sai dai saurayin da ke gadin injin ban ruwa har dare ba shi da ƙarfin zuwa dandali. Ga waya a hannun kowa, ga tsoron tafiyar dare a wasu hanyoyi. Tsofaffin makaɗa na tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kirarin gidaje masu yawa a kansa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tana nan a bakin Kalgo. Ina roƙon ɗalibanta, wayar nan da ke aljihunku ta isa: ku je ku zauna gaban mai gangar noman ƙauyenku, ku gaishe shi, ku ce Baba a kaɗa mana taken manoman da, ku naɗa.

Ku kuma iyaye, idan azumi ya kai goma kuka ji gwangwani a ƙofar gida, ku leƙo. Ku tanadi gero ko 'yan canji, ku bar tsoho ya gama rangajinsa kafin ku sallame su.

A nan za mu dakata. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

(Gangar noma ta tashi, ta yi ta tafiya har ta ɓace)