Ina Mashayin da Ke Son Bari Zai Dosa?

A ƙasar Hausa, wanda giya ta kama wahala biyu yake sha: ga jarabar da ke cin sa, ga rashin wanda zai faɗa wa. Mai ciwon suga sai ya zauna a majalisa yana ba da labarin allurarsa. Shi kuwa wannan, kanumfari yake taunawa kafin ya shiga gida, 'yar ledar barasa na ɓoye a aljihun ciki. Ran da ya ƙudura zai bari, sai ya tarar duk waɗanda suka san sirrinsa abokan sha ne.

Irin wannan kaɗaicin ne ya haɗa wasu mutum biyu a garin Akron na jihar Ohio, a Amurka, cikin 1935. Bill Wilson, dillalin hannun jari daga New York, ya je harkar kasuwanci ta watse masa. Watanninsa kaɗan da barin giya, sai ya ji tana kiransa. Maimakon ya nufi mashaya, ya nemi a haɗa shi da wani mashayin da zai yi wa magana, aka kai shi wurin likitan tiyata Bob Smith. Daga hirarsu ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato AA, ta samo asali, kuma a 1939 ta fitar da littafin da ya ƙunshi matakanta 12.

Taron nasu ba shi da wani ado. Kujeru ne, da ɗan shayi ko kofi, da zaman kamar awa guda. Kowa sunansa na farko kawai yake faɗa. Ba kuɗin rajista, sharaɗin shiga ɗaya ne tak, mutum ya kasance yana son daina sha. Wani ya ce yau kwanansa tara, wani ya ce jiya ya zame, ba mai yi masa faɗa. Sabon zuwa na iya yin shiru har a tashi. Daga baya yakan zaɓi wanda ya daɗe da bari ya zama madogararsa, mutumin da zai buga wa waya ko da tsakar dare in sha'awa ta motsa. Ba a ce masa ya rantse har abada. A ce ya riƙe yau tukuna.

Ba ƙauna ce kawai ke sa ni yabon tsarin ba. A 2020 cibiyar Cochrane ta tace bincike 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000, ta gano cewa shirin asibiti da ke sada majinyaci da tarukan AA ya kai sauran sanannun hanyoyin ba da shawara amfani, har ya ɗara su wajen daina sha ɗungurungum.

To, a ina ake samun tarukan? An fi jin ɗuriyarsu a manyan birane irin su Legas da Abuja. Ga mutumin Arewa, ƙofa mafi kusa ita ce asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, ko na Dawanau a Kano. A tambayi likita ko mai ba da shawara ko akwai zaman rukuni na masu murmurewa. Farawa daga asibiti ma wajibi ne ga wanda ya daɗe yana sha kullum, domin yankewa farat ɗaya na iya kawo karkarwa, farfaɗiya da gane-gane cikin kwanakin farko, kuma tana iya kisa. Tun zamanin korona tarukan intanet sun yawaita, mutum na iya shiga ta Zoom ya rufe kyamara. Cikas ɗin shi ne akasarinsu ba da Hausa ake yi ba, alhali ciwon zuciya da harshen uwa ya fi fita.

Wasu kan yi ɗari-ɗari saboda AA ta tsiro a cikin Kiristoci, kodayake ba ta ɗaure kowa da wani addini ba. Musulmin birnin Baltimore sun kafa Millati Islami a 1989, suka daidaita matakan da Alƙur'ani da Sunna. Mu ma muna da madafa a gida. Bukhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa a yi masa haddi kan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. Ina ganin wannan ya fi kusa da abin da mashayi ke bukata a kan sasari da bulalar gidajen mari, irin waɗanda 'yan sanda suka fasa a Kaduna da Katsina a 2019.

Inda babu taro, kafa shi ba ya bukatar gini. Mutum biyu ko uku da suka fito daga jinya, da ɗakin da asibiti ko limami ko fasto zai ara musu, da rana tsayayya a mako, sun isa. Abin da ba a sassautawa shi ne amana: sunan wanda ya zo ba ya fita ƙofa, ba a ɗaukar hoto, ba a sayar wa kowa magani. Matan mashaya da iyayensu su ma suna da nasu zaman daban, wanda Lois, matar Bill Wilson, ta taimaka wajen kafawa a 1951 da sunan Al-Anon.